Tsatsar da Ta Ƙi Huda But ɗin Baba

Bara Baba ya sayi mota, ta farko a layinmu, in ba a haɗa da ta Fasto ba, wadda sai rabin ikilisiya sun tura take tashi. Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi ce, Kafanchan ta rikice: masu keke suka koma babur, masu babur suka fara hararar mota. Baba hedimasta ne, kuma dattijo a majami'armu. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Jos, ya dawo da mota fara sol, yana tuƙi a hankali har wata akuya ta wuce shi a hanyar kasuwa. Da idona na gani.

Doka ta sauka a gida. Ba jingina, ba cin gyaɗa a ciki, kaza ma in ta kalli motar sai ta yi bayani.

Da na dawo hutun damina, ni na fara ganin abin. Ina duba fuskata a murfin but ɗin bayan motar, don ya fi madubin ɗakinmu faɗin gaskiya, sai ga wani ƙurji kusa da makulli. Fenti ya kumbura ya fashe, ƙarƙashinsa ja. Tsatsa ce. Da na nuna wa Baba, ya daɗe a tsaye kamar an ce masa makarantarsa ta ƙone.

Amma akwai garanti. Kamfanin ya yi alkawarin gyara duk abin da ya lalace cikin shekara guda, shekarar kuma za ta cika ne a ƙarshen damina. Baba ya sa kwat ya tafi Jos. Ya dawo da yamma bai ko amsa sannu da zuwa ba. Sai wajen cin tuwo muka ji labari: wani yaron kamfanin mai gashi kamar kwando ya ƙwanƙwasa wurin da biro, ya ce wannan tsatsar sama ce, ba ruwan garanti da ita. Sai ta ci ƙarfen ta huda shi, haske na wucewa, sannan za su ba da sabon murfi kyauta. In ba ta huda kafin shekara ta cika ba, murfi na Baba ne, tsatsa ma tasa ce.

Mama ta ce ai gishiri ba ya tsada. Ni na ce akwai ƙusa a bayan kicin.

"A gidan dattijon ikilisiya?" in ji Baba.

Ya yi mana wa'azi har miya ta daskare. Washegari kuwa ya shigar da kan motar cikin rumfa, ya bar gindinta a waje, daidai inda ruwan kwano yake zuba. Mama ta dube shi, ta dubi motar.

"Ruwa na Allah ne," ya ce. "Ba ni na aiko shi ba."

Daga nan gidanmu bai sake zama lafiya ba. Baba ya koma mai gadin sama. In hadari ya haɗu ta wajen duwatsu, sai ya yi ta shiga da fita yana fito. In iska ta kwashe hadarin zuwa Madakiya, ranar kowa sai ya sha faɗa, har rediyo. Kowace safiya kuma akwai gwaji: in shiga but, ya rufe ni, ya sa bakinsa a makulli ya tambaya ko ina ganin haske. Ni kuma in ce duhu kawai, Baba, da warin taya. Na shiga but ɗin nan har na fara tunanin kai katifata.

Mutane suka ƙara dagula lamarin da kirkinsu. Matan zumunta in sun zo koyon waƙa wurin Mama, sai su ga motar Malam a ruwa, su ruga su lulluɓe ta da tabarma. Baba ya gode musu da haƙora a cije, ya jira su fita ya yaye. Ran Lahadi aka ba shi addu'a, ya roƙi ruwa, ya ƙara roƙo, ya kuma ƙara, alhali manoma rana suke nema su shanya acca. Amin ɗin da ya samu ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba.

Duk da haka tsatsa ta tsaya cak. Ta daina ja, ta yi duhu, har tana ƙyalli. Tururuwa suka buɗe hanya zuwa wurin. Baba ya rame. Mama ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutum yana jinya don ƙarfe ya ƙi lalacewa ba.

A lokacin Kaka, mahaifiyar Baba, tana wurinmu, ta zo daga ƙauye ana duba mata gwiwa a asibiti. Ba wanda ya gaya mata zancen garanti. Hausa ma sama-sama take ji, wa zai fassara mata shi? Ita dai ta riga kowa tashi kullum.

Saura kaɗan shekara ta cika, Baba ya kasa jiran gari ya gama wayewa, ya tashe ni gwaji. Muka zagayo rumfa, sai ga Kaka tsugune a bayan mota, gwiwar nan mai ciwo a ƙasa, gwangwanin manja a gefe, tana shafa wa tsatsa da gashin kaza, a hankali, yadda take shafa wa fartanyarta in an gama noma.

"Mota yana ciwo, kai kana barci," ta ce masa da Hausarta. "Kowane safe ni ke ba shi mai. Ka ga ya warke?"

Na dubi Baba. Abin da zai faɗa a fili yake: Mama, bari, so nake ya ruɓe. Ya buɗe baki. Ya dubi gwiwarta, ya dubi gashin kazar, ya rufe. Ni kuwa dariya ta taso mini har sai da na ciji ɗankwalina.

"Na gode, Mama," ya ce.

Ya ɗaga ta, ya karkaɗe mata zane. Ya shiga mota ya matsar da ita cikin rumfa gaba ɗaya, har hancinta ya taɓa bango. Ranar ya ci tuwo har da ƙari, ya kuma yi barcin rana da minshari, na farko tun da ya dawo daga Jos.

Garanti ya ƙare ba huda. Kaka ta koma ƙauye ta bar masa gwangwanin, yanzu shi ke shafawa da kansa ran Asabar, yana waige-waige kada malamansa su gani. In rana ta buga murfin, motarmu ƙamshin miya take yi. Akuyar nan ma ta daina wuce mu a hanyar kasuwa. Bin mu take a baya, tana lasa.