Fitilar Rijiyar Yasore

Haƙar rijiya ita ce sana'ar gidanmu. Daga Wagini har Babban Duhu, in rijiya ta ƙafe ko ta cushe, babanmu ake ɗauko wa babur. Yana da ƙa'ida guda da ba ya ketarewa: ba mai shiga rami sai an kunna fitilar ƙwai, an ɗaura mata igiya, an zura ta har ƙasa. In ta fito tana ci, bismillah. In ta mutu, sai ya ɗaure fuska ya ce masu wurin ba su yarda ba, wato aljanu. Sai a ɗaure ganyen bedi, wato dogon yaro, a igiya, a yi ta zura shi ana jawowa, shi kuwa yana motsa baki, har fitila ta yarda ta rayu a ciki. Mutane na kallo suna jinjina kai, suna cewa malam ya san abin da ya taka.

Haka yayana ya gaje shi. Ya gaji igiyar, ya gaji ganyen, ya gaji motsa bakin, amma dalilin abin ba a ba shi ba. Ko mu mata da muke tambaya, sai Baba ya ce sirrin sana'a ba na zaure ba ne, balle na tsakar gida.

Shekarar da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, wani ɗan kwangila ya samu aikin yashe tsohuwar rijiyar Yasore, garin da nake aure. Yayana aka kira, kuma a gidana ya sauka. Ɗan kwangilar ya zo da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, ya raba wa ma'aikata, aka jera aka ɗauki hoto, ya karɓe abinsa ya mayar cikin buhu. Iyakar tsaron da na gani ke nan da idona. Sannan ya sa aka zura injin jan ruwa mai shan fetur cikin ramin, wai tiyonsa gajere ne. Injin ya yi ta ruri a ciki yana hayaƙi har ruwa ya janye.

Da aka fito da injin, yayana ya ce a kawo fitila. Aka bi gida gida, babu. Wa ke sayen kananzir yanzu? Kowa ya koma fitilar batir, 'yar Chana. Mai shayin bakin masallaci ya kawo tasa, sabuwa fil, haskenta kamar ya kashe ido. Ina tsaye da ƙwaryar fura na ji yayana ya yi dariya ya ce, “In dai haske masu wurin suke so, ai wannan ta fi ta Baba.” Aka zura ta, ta daɗe a ƙasa, ta fito tana ƙyalli. Kowa ya ce alhamdu lillahi, sun yarda.

Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Muna jin muryarsa yana tsokanar masu riƙe igiya, wai sun ci tuwo ba su da ƙarfi. Sai muryar ta yi nauyi, sai shiru. Kafin a jawo shi, jikinsa ya saki. Mijina ya ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, suka kama hanyar asibitin Batsari. Ba su kai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a zaman makoki shi ne yadda kowa ya samu inda zai ajiye laifin. Wasu suka ce kwana ya ƙare, kuma na yarda, ba mai wuce ranarsa. Wasu suka ce aljanun rijiyar mayaudara ne. Ɗan kwangila ya zo da buhun shinkafa, ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi ya ɗauko wasu masu haƙa daga wajen Safana. Ba wanda ya ambaci injin.

Bayan an watse na shiga ɗakin Baba a Wagini. Yana kishingiɗe, ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya ce in ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan fitila sai ya tashi zaune.

“Wace irin fitila kunka zura?”

Na ce ta batir, ta mai shayi.

Sai ya ce, “Ɗiyata, ai wagga ba ta lumfashi. Wuta ake zurawa, don wuta iska take sha kamar mutum. Inda ta mutu, mutum ma mutuwa zai yi, balle ramin da hayaƙin inji ya cika. Ganyen nan iska yake korawa ciki. Babu wani aljani.”

Na ce, “Baba, ka sani? Tun da can ka sani?”

Ya ce in kowa ya sani, wa zai aiko babur gidanmu? Ya ce yana nufin ya faɗa wa yayana in ya ga alamar tafiyarsa ta matso.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na tashi na ɗauko tsohuwar fitilarsa da ke rataye a bayan ƙofa, ƙwanta duk ƙura, na ajiye masa a gefen tabarma, na ce ga sirrinsa nan, ya nemi wanda zai ba gado.