Koma da Injin Ban-ruwa

A shekarata ta biyu da fara koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kurfi na rubuta wasan kwaikwayona na farko. A Dutsin-Ma nake zaune, kullum sai na bi mota, kuma a cikin motar na rubuta mafi yawansa, littafi a kan cinya. Labarin rigimar wani masunci ne da wani manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Kashi biyar na yi masa, na ɗauko tun daga kan kakanninsu, na sa biki, na sa shari'a a gidan mai gari.

Da na kai wa shugabar makarantarmu, ta juya shafukan ta ɗago kai ta ce, "Malama, ranar ba da kyaututtuka minti ashirin kawai zan iya ba ki. In ba zai yiwu ba, mu sa muhawara."

Na ce, "Zai yiwu, Hajiya."

Mako biyu ina yanka. Na cire kakannin, na cire bikin, duk da haka ya ƙi gajarcewa. Ran Asabar na tafi Zobe wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci ne, kuma daga bakinsa na fara jin labarin. Na tarar da shi a inuwa yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi. Ina cikin karanta masa ya tsayar da ni.

"Ke 'yar nan, ba haka aka yi ba. Duk abin tsakanin azahar da la'asar ne. Tiyon injin ban-ruwa ya zuƙi komar mutum ya kece ta, suka tsaya a bakin ruwa kowa na faɗin tasa. Ba wanda ya je wurin mai gari."

"To Kawu, yaya suka ƙare?"

"Manomin ya zauna ya taya shi ɗinki. Bai ma iya ba."

Na dawo gida na ajiye tsohon rubutun gaba ɗaya, ban sake buɗe shi ba. Na fara sabo, kashi ɗaya tak: wuri ɗaya, mutum biyu, sai matar masuncin da ta kawo abinci ta tarar da su. Ɗalibaina da suka rasa gurbi suka yi fushi, ɗaya har da kuka. Na ba su haƙuri, amma ban ƙara ko mutum ɗaya ba. Wadda ta fito a manomi kuwa da ta buɗe baki sai dariya ta ƙwace mata. Kullum bayan an tashi muna maimaitawa, har ta daina.

Ranar taron, da aka zo wurin da manomin zai zauna ya karɓi zare, iyaye suka zuba ido. Yarinyar ta ƙulla, ya kwance, ta sake ƙullawa. Wani dattijo daga baya ya ce, "Ba haka ake riƙewa ba!" Wuri ya kaure da dariya, ita kuwa ta ci gaba da ɗinkinta, ko murmushi ba ta yi ba.

Bayan an watse, wani manomi daga Kutawa ya same ni ya ce, "Malama, ko za ku zo ku yi mana wannan a garinmu?"

Muka je ranar Asabar ta gaba. Kayanmu duka a buhu ɗaya suka shiga.