Anketin Yamai

Mun tashi daga Maraɗi da asuba, ni da wani ɗan'uwa, don saƙo ya zo cewa jandarmomi sun tafi da mijin ƙanwata a Yamai. Direba ne, yana jigilar hatsin taimako.

Hanyar ba ta da daɗin gani. Daga Ƙonni har Dogon Dutsi mushen shanu ne a gefen titi, gonaki fayau. A kowane shinge sai soja ya sauke mu ya duba takardu, har na daina mayar da tawa aljihu. A Doso muka sha fura da ta fi kama da ruwan wanke ƙwarya, ga tsada.

Na tarar da ƙanwata a unguwar Talaje ta rame. Na ce, "Me ya yi?"

Ta ce, "Yaya, an ce yana cikin anketi."

Kalmar Faransanci ce, bincike take nufi. Ni a silima na san ta, inda kwamisar, wato babban ɗan sanda, mai taba a baki yake bin sawu, kafin a kunna fitila ya kama ɓarawo. A Yamai kowa ya ara. Na tambayi mai shayi hanyar unguwar Lazare, ya ƙura mini ido ya ce, "Malam, anketi kake mini?"

A Lazare ne motar mijin ƙanwata ta lalace da lodin hatsi, kusa da bukkokin waɗanda yunwa ta koro. Wata tsohuwa ta ba ni labari: mata suka kewaye motar da ƙwarya, shi kuma ya tsaya yana kallonsu, can ya kwance igiyar buhunan da hannunsa ya juya baya.

Kullum muna zuwa wani ofis wajen Gaweye, mu zauna a benci muna kallon kogin da ya janye ya bar yashi. Amsar ɗaya ce: "Anketi bai ƙare ba." Sau ɗaya suka bari muka gan shi. Bai yi ƙorafi ba, ya dai tambaya ko yara suna ci.

Da guzurina ya ƙare na roƙi ƙanwata ta biyo ni gida. Ta ce, "In sun sake shi, wa zai tarar a ƙofa?"

Na dawo Maraɗi da 'ya'yansu biyu suna barci a cinyata. Abin da na koyo kaɗan ne: a bakin hukuma anketi ba neman gaskiya kaɗai yake nufi ba, yana nufin ka je ka jira. Har yau muna jira.