Bangon da Ba a Buga Ba

Mijina ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, amma a shekarun nan da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Jidda ba ka ji muryarsa tana tashi daga rediyo ba. Kaset ke tashe a lokacin, wayar hannu ba ta zo ba. Umra ya zo daga Najeriya yana saurayi, ya maƙale kamar yadda dubban irinsa suka maƙale, ya zauna gaban malamai a Makka har ya ƙoshi, sannan ya gangaro Karantina, unguwarmu a Jidda, ya buɗe karatu a wani ɗan masallaci marar hasumiya. Kowane azumi yana tafsiri bayan la'asar. Wani mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka ne ke ɗaukar karatun, ya buga, ya sayar ta ƙarƙashin kanta, alhazai su haɗa da dabino su kai gida tsaraba. Malam kowa ke ce masa, har ni.

Ni a Jidda aka haife ni. Iyayena Hausawan Sudan ne, ina da takarda, ina da kafili mai tsaya mini wurin hukuma, wata tsohuwar Balarabiya da nake yi wa girki tun ina budurwa. Da maganar aurenmu ta taso mahaifina ya ce mutumin da duk Karantina ke tsaye a kansa ya fi mai takarda kwana lafiya. A lokacin gaskiya ya faɗa.

Ga yadda tsayuwar take. Gidajenmu manne suke da juna, bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci. Idan motocin jawazat masu kamen marasa takarda suka doso unguwa, matar gidan farko za ta ɗauki taɓarya ta maka wa bangon maƙwabciyarta, waccan ta maka wa na gaba, haka har ƙarshen lungu. Kafin 'yan sanda su gama saukowa maza sun haye rufi, sun bi ta saman gidaje sun ɓace. Aikin mata ne, don mu ne a gida, mu ne kuma masu taɓarya. Ihu ba ya yi, saboda kowane ɗaki da tsohon kandishan mai sanyaya shi yana gurnani, ba abin da ke ratsa shi sai bugun da ya girgiza bangonka. Na san matan da suka shekara ba sa ga maciji da juna, amma ranar kame kowacce ta buga wa 'yar'uwarta, washegari suka ci gaba da gabarsu.

Gidanmu ne na ƙarshe a lungun. In motocin sun shigo ta bakin titi, maƙwabciyata ke buga mini. In sun zagayo ta filin da ke bayanmu, ni ke fara ganinsu ta taga in buga mata. 'Yar Damagaram ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta da samarin 'ya'yanta duk ba mai takarda. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi ɗan da bai zo da rai ba, ita ta yi mini wankan jegon da ba jariri, kuma daga shi Allah bai ƙara ba mu ba. Saboda haka gidan daga ni sai Malam.

Akwai wani ɗan daudu a unguwarmu, ya manyanta, furfura ta fara fito masa. Ba a biki ko suna daga Karantina har Sa'alaba da ba shi ke kan tukunya ba. Shinkafarsa ta Bukhari ba ta da na biyu, ni da nake taƙama da girkin Larabawa a wurinsa na koyi sirrinta. In yana aiki zani yake ɗaurawa, ya zauna cikinmu muna yankan albasa, yana ba mu dariya har cikinmu ya ƙulle. Ba ya fashin sallah a masallacin Malam, amma kullum a ƙarshen sahun baya yake tsayawa, wanda ke kusa da shi kuma sai ya bar gurbin mutum guda a tsakaninsu. Haka aka saba, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Wani azumi, muna bayan labule mu mata muna sauraren tafsiri, sai wani saurayi ya ɗaga murya ya tambaya ko sallar mutum ta yi idan kafaɗarsa ta taɓa ta ɗan daudu. Aka kwashe da dariya. Kowa ya san da wa ake, mutumin kuma yana zaune a wurin. Ni na san Malam, in ya yi shiru yana shafa gemu to ransa ya ɓaci. Da ya buɗe baki sai ya ce akwai wanda Allah ya halitta da taushin murya da taushin tafiya, ba shi ya ɗora wa kansa ba, kuma malaman da suka gabata ba su ɗora masa laifi a kan halittarsa ba. Ya ce abin da mutum ya aikata a ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kamar dai na kowa a cikin masallacin nan. Da a nan ya tsaya, da ƙila an haɗiye. Amma Malam bai iya tsayawa ba.

"Kuna cika ciki da shinkafarsa a bikin 'ya'yanku," in ji shi, "kafaɗarsa ce ta fi ƙarfinku? Daga yau a cike sahu."

Na waiga na ga Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da carbi. Injin ɗaukar magana yana gaban Malam yana juyawa.

Kafin ƙaramar sallah mai shagon yadin nan ya yanko wannan wuri kaɗai ya buga shi a kaset daban, kuma ya fi duk tafsirin kasuwa. Mutumin da ya gina shago da muryar Malam, shi ne ya fara cewa ya daɗe yana zarginsa. Wani matashin malami a Sa'alaba ya fitar da kaset na raddi, wani a Makka ya fitar da nasa. Aka laƙaba masa malamin 'yan daudu. Yara suka mai da shi waƙa suna bin sa a lungu, iyayensu na ji suna kunnen uwar shegu. Har daga Najeriya saƙo ya zo cewa ana fasa kaset-kaset ɗinsa a tasha. Wasu ma ba su ji kaset ɗin ba, labari aka ba su, su ne kuma suka fi kowa kumfar baki. Wata asuba ya je masallaci ya tarar an gabatar da wani ya ja sallah. Ya bi a sahun baya, na kusa da shi ya ja jiki.

Dattawan unguwa suka zo gida, mijin Yaya na cikinsu. Na shimfiɗa musu darduma na kawo shayi, ba wanda ya taɓa. Buƙatarsu ɗaya ce, ya yi sabon kaset ya ce tuntuɓen harshe ne, ya tuba, shi ke nan, kowa ya huta. Malam ya ce su kawo masa littafin da ya ƙaryata shi, a gabansu zai janye. Suka ce ba littafi ya kawo su ba, zaman tare ya kawo su. Da za su fita, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, mutumin da ba shi da takarda bai kamata ya ɓata da jama'a ba.

Ni wannan maganar ce ta tsaya mini a wuya. Ban damu da wa ya fi wani hujja ba, ba malama ba ce ni. Tsoro nake ji, kuma na faɗa masa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ƙi girki. Na ce masa littattafan nan da ya jera har rufi ba su ke buga mana bango ba. Ya ce in kwantar da hankalina, fushi daban, bugu daban, ba a taɓa haɗa su ba a Karantina. Malam ya karanci littafi ya ƙoshi, amma mutane ni na fi shi saninsu.

Ana cikin haka mai girkin da kansa ya zo, da rana tsaka, cikin farar jallabiya, yana tafiya a sanƙare kamar wanda aka ɗaure wa ƙafa. Da ƙyar na gane shi. Ya durƙusa nesa da Malam.

"Allah ya gafarta Malam, don Allah ka janye," in ji shi. "Da ina can gefen sahu ba wanda ya damu da ni, ina cin abincina. Yanzu duk wanda ya kira ni girki sai a ce yana bayanka. An soke mini bukukuwan bayan sallah kakaf. Mai ɗakin da nake haya ya ce in nemi wuri."

Ban taɓa ganin fuskar Malam ta yi irin wannan ba. Ya ce in ya fito ya ce ƙarya ya yi, ai ya miƙa musu fatawa ke nan, kuma a kan shi mai girkin za su fara sauke ta. Mutumin ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya san ba shi ya roƙi a kare shi ba. Ya tashi, ya ce mini Hajiya a yafe juna, ya fita. Ba a yi nisa ba ya bar Jidda. Wasu sun ce Riyad ya nufa, wasu sun ce an kama shi a hanya. Ban ƙara jin ɗuriyarsa ba, kuma har yau in na ɗora shinkafar Bukhari sai raina ya sosu.

Bayan tafiyarsa Malam ya daina fita sai dole. Yaya ta daina shigowa. In mun haɗu wajen ɗiban ruwa takan amsa gaisuwa a gajarce, idonta na kan jarka. Duk da haka ban cire rai da ita ba. Tsanin da Malam ke hawa rufi da shi yana nan jingine a tsakar gida, kullum sai na duba shi.

Ranar da abin ya faru ina gida, don kafilina ta tafi Ɗa'if shan iska. Hantsi ne, zafi kamar a gasa mutum, kandishan na gurnani. Malam na zaune daga shi sai singileti da zani yana karatu, ni ina tsince shinkafa. Ba mu ji komai ba sai ƙofa da ta faɗo. Ya miƙe, ya dubi tsani, ya ga ba amfani. Ɗaya daga cikin 'yan jawazat ɗin da suka shigo ya karɓi iƙamata ya duba ya miƙo mini. Ɗaya ya kama hannun Malam yana cewa yalla, yalla. Ko takalmi ba su bari ya sa ba.

Na suri jallabiyarsa da takalmansa na bi su da gudu. Da na fito sai na ga lungun ba namiji ko ɗaya, tun daga bakin titi har ƙofarmu. Kowa ya samu labari ya haye. An buga ke nan, gida bayan gida, yadda aka saba, har bugun ya iso bangon Yaya ya tsaya. Tana tsaye a ƙofarta, taɓaryar na hannunta. Ta ɗauka, ba ta buga ba. Na dube ta, ta dube ni. Na wuce na cusa kayan ta tagar mota.

Daga baya wata ta kawo mini labarin wai maza ne suka yanke shawara a masallaci, wai mijin Yaya ya ce in ta buga a bakin aurenta. Ƙila haka ne. Ni dai na san a ranar mijin nata yana can saman rufi yana gudu, ba wanda ke tsaye a kanta.

Na sha wuya kafin a bar ni in gan shi a tarhil, inda ake tsare mutane kafin a tasa ƙeyarsu gida. Ta bayan ƙarafa muka yi magana, cikin hayaniya da wari. Ya rame, an aske masa kai. Na yi zaton littattafansa zai tambaya. Sai ya matso ya rage murya.

"An buga ba mu ji ba, ko?"

Na ga yana so in ce e. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma a ranar zuciyata ta kawo wuya. Na ce ba a buga ba. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa suna motsi. Duk zagin da aka yi masa da waƙar yara da fasa kaset bai zubar da hawaye ba sai a nan. Da ya ɗago ya ce mini, "To ke ki riƙa bugawa." Na ce wallahi ba zan buga ba. Mai gadi ya daka tsawa lokaci ya ƙare, a kan haka muka rabu. An kai shi Kano. Ina cikin fafutukar takardun da zan bi shi, ƙasar da ban taɓa gani ba, saƙon rasuwarsa ya iso.

Ina cikin takaba motocin suka zagayo ta filin baya. Ta taga na hango su suna tahowa a hankali. Na san mijin Yaya na ciki, na ji tarinsa da safe, samarinta ma suna nan suna barcin rana. Na tsaya ina kallon motocin har suka ci rabin filin, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Sannan na ɗauki taɓarya na maka wa bangon. Na yi ta maka masa har siminti ya zubo, har na ji ƙafafunsu a saman rufina, ban daina ba sai da hannuna ya mutu.

Da yamma ta zo ƙofata tana kuka tana kiran ƙanwata, ƙanwata. Ban buɗe ba. Mun ƙara shekaru da yawa bango ɗaya tsakaninmu, duk ranar da motoci suka zo ta baya na buga mata, kuma har ta bar unguwar ban sake amsa gaisuwarta ba.