Ranar da Na Goyi Bayan Dokar Bindiga a Wurno

Shekarun baya, lokacin da ɓarayin daji sunka matsa wa ƙauyukanmu, labari ya zo cewa majalisar jiha na duba wani ƙudiri: duk mai bindiga, ko ta toka ce, sai ya yi mata rajista, kuma wanda ya shiga kasuwa da ita ɗauri ne. Anka kira taron jin ra'ayi a Wurno, mu mutanen Dinawa munka cika mota.

Duk wanda ya tashi maganarsa ɗaya, a bar mu da bindigoginmu. Kawuna, shugaban 'yan sa-kai na garinmu, ya ce, "In an ɗaure muna hannu, da mi za mu tsare gonakinmu? Da lauje?" Wuri ya ɗauki tafi.

Ni kuwa ƙanena nake tunani. Ba ɓarawo ya harbe shi ba. Ɗaya daga cikin masu tsaron namu ne, sun yi musu a kasuwa kan wurin jibge albasa, ya ɗaga bindiga don ya tsorata shi, ta tashi. Ƙanena ya rayu, amma sai da anka yanke masa ƙafa.

Na ɗaga hannu. Ni da ko kiran salla kunya ke hana ni, sai ga ni riƙe da lasifika.

Na ce, "A yi rajistar. A hana shiga kasuwa da ita."

Anka hau ni da ihu. Kawu ya miƙe ya ce, "Zamna, kai! Mi ka sani?"

Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, ba ni zamnawa. Ni na ɗauko ƙanena cikin jini. Ku tsare mu daga ɓarayi, mun gode. To, wa zai tsare mu daga bindigoginku?"

A hanyar komawa ba wanda ya matsa mini wuri, a bayan mota na rataya. Kawu ya yi wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Ƙudirin ban san inda ya kwana ba. Amma da kaka ta yi, Kawu da kansa ya sa 'yan sa-kai su riƙa ajiye bindigogi gidansa ranar kasuwa. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Har yau akwai masu ce mini ɗan gwamnati. Su ce. In anka sake kiran taron gobe, sahun gaba zan zamna.