Gindin gawon da aka haife ni

Shekarun baya, ba a daɗe da cire ƙasar Tibiri daga ƙarƙashin mulkin Dogon Dutsi ba, na tashi shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar aikin koyarwa. Ina haɗa dosiye, wato takardun neman shiga, sai na tarar ba ni da takardar haihuwa ta kirki, wadda na yi karatun lakwal da ita gara ta cinye rabinta. Aka ce in je kotu da shaidu biyu da suka girme ni. Ranar Juma'a za a rufe karɓar dosiye, ga shi muna Talata.

Ni da nake ganin kaina mai wayo, na ɗauko baffana da wani tsoho maƙwabcin gonarmu. Na manta shaf cewa shekara da shekaru suna rigima a kan wani gawo da ke tsakanin gonakinsu. Mahaifiyata ta biyo mu, wai za ta sayi gishiri a kasuwa.

Magatakarda ya tambayi inda aka haife ni. Baffa ya ce a gona, gindin gawo, lokacin girbin hatsi. Tsohon ya ce haka ne. Har na fara murmushi, sai magatakarda ya tambaya gonar ta wane gari ce, don ƙauyenmu yana ƙasar Tibiri, na tsohon kuma yana ɓangaren Dogon Dutsi. In can ne, sai mu nufi can.

Nan take kowa ya gane cewa garin da ya shiga takarda mai hatimi, shi zai nuna mai gawon. Baffa ya rantse gawon kakansa ne ya bar shi. Tsohon ya miƙe ya ce ubansa ne ke ɗaure jaki a jikinsa tun Baffa bai san wando ba. Suka share ƙasa a bakin ofis, suna zana iyaka da sanda, wannan ya ja layi, wancan ya goge da takalmi. Aka manta da ni gaba ɗaya. Ina tsaye rungume da dosiye, zufa na karyo mini, wallahi kamar in yi kuka.

Mahaifiyata tana zaune a benci da ƙullin gishirinta. Ba ta cika magana gaban maza ba, amma ranar ta matso ta ce wa magatakarda:

"Ɗana, su biyun babu wanda an nan wurin. Ni ɗai ta. Ni na yanke ma yaron ga cibi da tsinin kara, na naɗe shi cikin zane, na tako da ƙahwata har gida. Rubuta garin da ni kai shi."

Magatakarda ya tambayi tsofaffin ko suna da ja, kowa ya kama gyaran hularsa. Ya rubuta sunan ƙauyenmu, suka dangwala yatsa. Na kai dosiye ranar Alhamis da yamma.

Har yau in mun haɗu ana ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi. Amma daga baya na taka daga gonar zuwa gida don in gani, sai da na zauna hutawa sau biyu a hanya. Shekara ashirin da wani abu ina cin tuwon matar nan, ban taɓa tambayarta yadda ta haife ni ba, sai da wani baƙo mai biro ya sa ta faɗa.