Jallabiyar Suwaidi

Ku matso ku zauna, in ba ku labarin Maiwada tela, mutumin Damagaram da ya shekara ashirin yana ɗinki a unguwar Ƙurban, can ƙasa mai tsarki. Abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba. A 1983 ya sayi talabijin, daga nan fa ya zama masanin kowace ƙasa.

"Turawan Suwidin, waɗanda Larabawa ke ce wa Suwaidi, na gan su a fim," in ji shi. "Dogaye ne kamar dabinon Ƙuba, kuma ba sa dariya."

Rannan maƙwabcinsa Shittu, ɗalibin jami'a, ya kawo yadi. "Baba, na abokina Suwaidi ne. Jallabiya yake so, gobe zai zo awo."

"Awon me? Ai na san tsawonsu."

Ya yanka, ya ɗinka, har da ƙarin taƙi guda. Washegari, Shittu na zaune a shagon, sai ga wani gajeren Balarabe mai fara'a ya yi sallama. Ashe Suwaidi sunan danginsu ne, bai taɓa taka Turai ba. Da ya saka, jallabiya ta share ƙasa, hannuwansa suka ɓace.

"Baba, talabijin ce ta auna shi?" in ji Shittu.

"Rufe mini baki." Maiwada ya durƙusa da tef da almakashi, ya rage ta daidai jikin mai ita. "Alhamdulillahi. Da gajeru na gani a fim, da yau yadin nan ya tafi."

To ku, a ganinku, ya ɓata yadi ko bai ɓata ba?